Shin wani ɗan majalisar Jamus ne ya karya farashin sola?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai sana'ar haɗa sola ne a Zariya. Wani abokin cinikina da ya yi karatu a Jamus ya ce min arahar da farantan sola suka yi albarkacin wani ɗan majalisar ƙasar ne mai suna Hermann Scheer, wai kuma ko minista bai taɓa zama ba. Ni kuwa duk kwalin da na buɗe, ƙirar Sin nake gani. Wane ne mutumin nan, kuma ta yaya ɗan majalisa ɗaya zai yi wannan aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokin cinikinka bai yi ƙarya ba, ya dai taƙaita labarin. Kai ma abin da idonka ke gani a jikin kwali gaskiya ne. Sin ce ke ƙerawa, amma Jamus ce ta buɗe kasuwar da ta sa aka fara ƙerawa da yawa har farashi ya faɗi, kuma Scheer na cikin 'yan majalisa huɗu da suka rubuta dokar da ta buɗe kasuwar.

An haife shi a 1944 a jihar Hessen, ya shiga jam'iyyar SPD a 1965. Kafin ya je majalisa ya yi aiki daga 1976 zuwa 1980 a cibiyar binciken nukiliya da ke Karlsruhe, saboda haka adawar da ya yi da makamashin nukiliya daga baya ba ta jita-jita ba ce, ya ga abin daga ciki. A 1980 ya shiga majalisar dokokin tarayya, Bundestag, bai bar ta ba sai da mutuwa ta ɗauke shi bayan shekara 30. Mazaɓarsa, Waiblingen kusa da Stuttgart, yanki ne na jam'iyyar CDU, don haka ta jerin sunayen jam'iyya yake shiga. A Jamus mai zaɓe ƙuri'a biyu yake kaɗawa, ɗaya ta ɗan takarar mazaɓa, ɗaya ta jam'iyya, kuma ta biyun ce ke tantance yawan kujerun kowace jam'iyya.

Ba da maganar muhalli ya fara ba. Shekarunsa na farko a majalisa a kan rage makamai ya yi su, lokacin yaƙin cacar baka, ana jibge makamai masu linzami a ƙasar Jamus. Ya zama kakakin jam'iyyarsa kan wannan batu, daga baya ya shugabanci ƙaramin kwamitin majalisa mai kula da shi. Daga nan ne hankalinsa ya koma kan makamashi. Ra'ayinsa shi ne, mai da kwal da yuraniyom a 'yan wurare kaɗan suke a duniya, dole a haƙo, a yi jigila, a tace, a kai tasha, kuma duk wanda ya riƙe wannan doguwar hanya shi ke riƙe da wuyan jama'a, a kanta kuma ake yaƙe-yaƙe. Rana kuwa kan rufin kowa take faɗowa. A 1988, shekara biyu bayan hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl, ya kafa ƙungiyar Eurosolar da wasu abokan ra'ayinsa, ya shugabance ta har ƙarshen rayuwarsa.

Yanzu ga dokar kanta, don a nan gizo ke saƙar. Tun 1991 Jamus tana da dokar da ta tilasta wa kamfanonin wuta su sayi lantarkin da ƙananan masu samarwa suka turo cikin layi. Ta taimaki masu fankokin iska ƙwarai, amma kuɗin da ake biya bai kai ya mayar wa mai sola da jarinsa ba. Wasu garuruwa kamar Aachen da Hammelburg suka gwada biyan farashin da zai rufe duk abin da mutum ya kashe, aka ga mutane sun fara kafawa. Da SPD da jam'iyyar masu kare muhalli suka kafa gwamnati a 1998 ƙarƙashin Gerhard Schröder, sai Scheer da Dietmar Schütz daga SPD, da Hans-Josef Fell da Michaele Hustedt daga masu kare muhalli, suka ɗauki wannan dabara ta garuruwa suka mayar da ita ta ƙasa baki ɗaya. A Jamus yawancin ƙudirori ma'aikatu ne ke rubutawa su aiko majalisa. Wannan karon ma'aikatar tattalin arziki, ƙarƙashin Werner Müller wanda tsohon ma'aikacin manyan kamfanonin makamashi ne, ba ta son tsarin. 'Yan majalisar suka zauna suka rubuta abinsu, suka bi takwarorinsu ɗaya bayan ɗaya. Dokar, wadda ake kira EEG a taƙaice, ta fara aiki ranar 1 ga Afrilu 2000, sashe 12 kacal gare ta.

Ka ɗauka kai manomi ne a kudancin Jamus a waccan shekara, kana da rumbu mai faffaɗan rufi. Dokar ta ce dole kamfanin wuta ya jona ka da layi, dole ya karɓi wutarka kafin ta tashar kwal, kuma zai biya ka fenik 99 (ƙananan kuɗin Jamus na wancan lokaci) kan kowane yunit, wato kusan santi 50 na yuro, har shekara 20 ba canji. Wannan ya ninka abin da gidaje ke biya su sayi wuta fiye da sau uku. Kilowat ɗaya na faranti a Jamus yana ba da yunit kusan 900 zuwa 1,000 a shekara. Sai ka ɗauki biro ka lissafa abin da rufinka zai kawo a shekara 20, ka kai wa manajan banki takardar. Shi ma ya ga kuɗin nan doka ce ta lamunce su, ba alƙawarin ɗan siyasa ba, sai ya ba ka bashi. Kai da ke wannan sana'a ka san matsalar abokin ciniki ba son sola ba ce, kuɗin farko ne. Wannan matsalar ce dokar ta nufa. Kuma an saka mata wata ƙa'ida mai hikima: farashin da ake ba sababbin masu kafawa yana raguwa kowace shekara, da farko da kashi 5 cikin 100, don masu ƙera faranti su san dole su riƙa sauke farashi ko kasuwa ta bar su.

Kan ka ce kwabo rufin gidaje da rumbuna sun cika. Tsakanin 2010 da 2012 Jamus tana kafa sama da megawat 7,000 na sola kowace shekara, adadin da ya zarce abin da babban layin wutar Nijeriya ke rarrabawa a rana mai kyau, ko da yake sola sai da tsakar rana take kai ƙarfinta. Masana'antun Sin suka hango wannan kasuwa, suka gina manyan ma'aikatu da rancen gwamnatinsu. Yawan ƙira ya sa farashin faranti ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 a cikin shekarun 2010. Ƙasashe da dama kuma suka kwaikwayi tsarin dokar.

Ina ganin adalci ne a faɗi wanda ya biya kuɗin. Ba daga baitulmali aka biya ba, a kan bil ɗin wutar jama'a aka raba shi, kuma ƙarin ya hau har ya kai santi 6.88 kan kowane yunit a 2017, kafin a cire shi daga bil a tsakiyar 2022. An yi wa manyan masana'antu masu shan wuta sosai rangwame, nauyin ya sauka kan gidaje da ƙananan 'yan kasuwa. Ɗan haya da ba shi da rufin kansa yana biya, mai gida yana karɓa. Wannan ƙorafi ne mai tushe, kuma ban ga magoya bayan dokar sun ba shi cikakkiyar amsa ba. Kamfanonin Jamus masu ƙera faranti su ma ba su tsira ba: Q-Cells ya durƙushe a 2012, SolarWorld a 2017. Amma wutar da ake samu daga rana da iska da ruwa da makamantansu ta tashi daga kusan kashi 6 cikin 100 a 2000 zuwa sama da rabin abin da ƙasar ke sha a 2023.

Ɓangaren aikinsa na ƙasa da ƙasa ba a cika ambatonsa ba, alhali shi ya yaɗa dabarar. Tun 1983 yana cikin wakilan Jamus a majalisar ƙungiyar ƙasashen Turai mai mazauni a Strasbourg, wadda aka kafa a 1949. Kada ka haɗa ta da Tarayyar Turai, daban suke. Wakilanta 'yan majalisun ƙasashensu ne ake turawa, kamar yadda ake tura wakilai majalisar ECOWAS a Abuja. Ba ta yin dokar da ta hau kan kowa, shi ya sa wasu ke raina ta. Scheer ya shugabanci kwamitinta na noma daga 1994 zuwa 1997, kuma ya gane amfanin irin wannan zama: ɗan majalisar da ka gamsar a can, gida zai koma ya gabatar da ƙudiri. Ba shi da yaƙini sosai da manyan tarukan sauyin yanayi inda sai kowa ya yarda kafin a motsa. A ganinsa gara ƙasa ɗaya ta fara, sauran su ga riba su biyo. A 2004, lokacin babban taron makamashi mai sabuntuwa a Bonn, shi ya jagoranci zauren 'yan majalisun duniya da aka yi a gefensa.

Tun 1990 yake kiran a kafa hukumar duniya ta makamashi mai sabuntuwa, yana cewa nukiliya tana da tata a Vienna, me ya sa rana ba ta da? Sai ranar 26 ga Janairu 2009 aka kafa IRENA a Bonn, ƙasashe 75 suka sa hannu. Nijeriya da Nijar duk mambobi ne a yau. Gwamnatin Jamus ba ta tsayar da shi takarar shugabancin hukumar ba, ta fi son ta samu hedikwata, amma hedikwatar ma Abu Dabi ce ta same ta, shugabancin farko ya tafi ga Hélène Pelosse 'yar Faransa.

Maganar minista kuwa, sau ɗaya ta leƙo ta koma. A zaɓen jihar Hessen na 2008, Andrea Ypsilanti, 'yar takarar SPD ta shugabancin gwamnatin jihar, ta ware wa Scheer kujerar tattalin arziki da muhalli. Ana saura mako ɗaya zaɓe, Wolfgang Clement, tsohon ministan SPD da ke cikin hukumar sa ido ta wani reshen kamfanin wuta na RWE, ya fito ya ja kunnen masu zaɓe kan manufar makamashin jam'iyyarsa. A watan Nuwamba 'yan majalisar jiha huɗu na SPD suka ƙi mara wa Ypsilanti baya, gwamnatin ba ta kafu ba. Scheer mutum ne mai kafiya, ya saɓa wa shugabannin jam'iyyarsa a fili kan yaƙin Kosovo a 1999, shekarar da ya karɓi lambar yabo ta Right Livelihood. Irin wannan hali ba ya kai mutum majalisar ministoci da sauƙi.

Akwai wani matsayinsa da ya shafe mu. A 2009 wasu manyan kamfanoni suka fito da shirin Desertec, na kafa tashoshin sola a hamadar Sahara da kuɗi kusan yuro biliyan 400 a riƙa tura wuta Turai. Mutane sun zaci zai yi murna, sai ya soki shirin: a ganinsa tsohon tsari ne aka sake wa riga, manyan kamfanoni da dogayen layuka, alhali mutanen da ke zaune a gefen hamadar su suka fi bukatar wutar. Zuwa 2014 yawancin kamfanonin sun janye.

Ya rasu a Berlin ranar 14 ga Oktoba 2010 yana da shekara 66. Mako biyu bayan haka majalisar da ya bari ta amince da tsawaita wa'adin tashoshin nukiliya, abin da ya yi ta yaƙa. A Maris 2011 aka yi hatsarin Fukushima a Japan, gwamnatin Angela Merkel ta janye wannan mataki, kuma ranar 15 ga Afrilu 2023 aka kashe tashoshi uku na ƙarshe.