Tambayi Likita: Asiton, daga kwalbar goge jan farce zuwa numfashin mai ciwon suga

Tambaya: Likita, kusan kullum sai na goge jan farce saboda alwala. Yanzu farcena ya yi fari yana ɓarewa, fatar gefensa tana tsagewa. Me ke cikin ruwan gogewar nan? (Wata ɗaliba, Zariya)

Amsa: Mafi yawansu asiton ne a ciki. Ƙwayarsa 'yar ƙarama ce: kabon uku a jere, na tsakiya yana riƙe da oksijin ɗaya da ɗauri biyu, na gefe da gefe kowanne da haidirojin uku. Masana kimiyya suna rubuta shi C3H6O. Wannan ƙirar ce ta sa yake gauraya da ruwa, kuma yake narkar da maiƙo da fenti. Matsalar ita ce bai san jan farce daban, maiƙon da ke kare fatarki daban ba, duka yake kwashewa. Yana tafasa a digiri 56 kacal, shi ya sa kike jin sanyi a yatsa ya kuma bushe nan take. Ki rage amfani da shi, ki wanke hannu bayan kin gama, ki shafa man kaɗanya ko basilin. In da ni ce ke, lalle zan koma wa. Hukuncin alwalarsa kuwa malamai sun fi ni sani.

Tambaya: Ɗana mai shekara 14 yana allurar insulin saboda ciwon suga. Zazzaɓi ya kama shi, ba ya cin abinci, sai muka dakatar da allurar. Yau yana amai, yana yawan fitsari, bakinsa yana wari irin na ruwan goge farce. (Wata uwa, Katsina)

Amsa: Hajiya, wannan saƙon na amsa miki shi nan take, ina maimaitawa ne saboda sauran iyaye. Irin wannan yaro asibiti ake kai shi a lokacin, ba a jiran gari ya waye. Warin da kika ji asiton ne na gaske, jikinsa ne ya haɗa shi. Idan babu insulin, suga yana cika jini amma ba ya shiga inda ake buƙatarsa, sai jiki ya koma ƙona kitse. Hanta tana mayar da kitsen ya zama wasu sinadarai da ake kira kiton, asiton ɗaya ne daga cikinsu, kuma da yake mai saurin tashi ne, ta huhu yake fita. Sauran kiton ɗin su ne ke sa jini ya yi tsami. Daga nan sai ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, ƙishirwa, magagi, har suma. Maganinsa ƙarin ruwa ne da insulin ta jijiya, ana auna gishirin jini. Kuskuren da aka fi yi shi ne wanda kuka yi da kyakkyawar niyya: mara lafiya bai ci ba, sai a tsayar da allura, alhali lokacin rashin lafiya jiki ya fi buƙatarta. Mai lafiya ma in ya daɗe da yunwa, kamar a azumi, yakan samar da kiton kaɗan, amma insulin ɗinsa yana taka masa burki.

Tambaya: Sufa gulu ya manne min yatsu biyu. Gaskiya ne asiton yana raba su? (Wani kafinta, Maraɗi)

Amsa: Gaskiya ne, Malam. Ka ɗiga kaɗan a auduga, ka riƙa murzawa a hankali, kada ka fizge. Ban da ido, leɓe da wurin rauni.

Tambaya: Ina ajiye asiton a shagon fenti, a gorar lemo. Akwai haɗari? (Wani mai fenti, Kano)

Amsa: Akwai, har biyu. Na farko gobara: tururinsa yana kama wuta ko da sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifili, balle zafin Kano. Ya fi iska nauyi, yakan bi ƙasa ya tarar da risho ko guntun taba a can gefe. Shaƙarsa a rufaffen ɗaki kuma yana kawo jiri da ciwon kai, don haka ka buɗe tagogi. Na biyu gorar lemon nan: fari ne tas kamar ruwa, yaro zai ɗauka ya kurɓa. In hakan ta faru, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja. A kai shi asibiti tare da gorar. Tun yau ka juye shi a gwangwani mai murfi, ka rubuta sunansa a jiki.