Banki ya ce bai san ka ba? Ga inda za ka fara

Wani ƙanenmu ɗan Aboabo a Kumasi ne ya turo min tambaya, shekararsa 23, yana sayar da caja da iyafis da gilashin waya a kan tebur a Adum wajen PZ, shekara biyu kenan yana yi. Ya je banki neman rancen sidi 8,000 don ya ƙara jari, suka ce masa ba su ga tarihinsa ba. Shi ne yake cewa: "Yaya, ni fa ban taɓa cin bashin kowa ba, yanzu rashin cin bashin ne ya zama laifi? Ta ina zan fara?"

Ƙanena ka kwantar da hankalinka, ba laifi ka yi ba. Matsalar ita ce amanarka a bakin mutane take, ba a takarda ba. Maigidanka da ke ba ka kaya ya san ka, mai susu, wato mai karɓar adashi, ya san ka, limamin unguwa ma zai tsaya maka, amma wanda ke zaune a banki ba ya zuwa Aboabo tambayar ɗan wane ne kai, lambar Ghana Card ɗinka zai buga a kwamfuta, in babu abin da ya fito to a wurinsa kai baƙo ne, kuma ba a ba baƙo ajiya.

Inda yake dubawa shi ne kamfanonin ajiye tarihin bashi, irin su XDS Data da Dun & Bradstreet, Babban Bankin Ghana ne ya ba su lasisi a ƙarƙashin dokar 2007, wato Act 726. Bankuna da sauran masu ba da rance da lasisi dole ne su riƙa tura musu bayanin wa ya karɓa, nawa, ya biya a kan lokaci ko ya makara. Kai ba a taɓa tura komai da sunanka ba, shi ya sa shafinka fari fat.

Abu na farko, tun kafin maganar rance ma, kuɗinka su daina kwana a aljihu da ƙarƙashin katifa. Ka buɗe akawun da Ghana Card ɗinka, tun Yulin 2022 dama shi ne katin da bankuna ke karɓa, kuma layin MoMo ɗinka, wato asusun kuɗi na waya, ya zama da sunanka ne ba na mama ko na yayanka ba. Sai ka raba, layin kasuwa daban na hira da kuɗin abinci daban. Kullum in ka tashi daga tebur da magariba ka zuba cinikin ranar, ko sidi 150 ne ko 60 ne, ka zuba kawai, ƙarshen mako ka tura banki. Wannan ba ya shiga wancan rajistar kai tsaye, amma wata shida in ka yi haka kana da sitatimen da za ka ajiye a gaban ma'aikacin banki ya ga da idonsa kuɗi na shiga suna fita, kuma wallahi wannan takardar ta fi dogon bayani.

Susu kar ka bari, yana koya wa mutum haƙuri, sai dai ka sani katin da mai susu ke yi wa alama da biro ba ya zuwa ko'ina. In za ka iya, ka mayar da rabinsa susun da bankunan karkara ko kamfanonin ajiya da rance ke yi, amma ka tabbatar sunansu na cikin jerin masu lasisi na Babban Banki, don ba mu manta 2019 ba lokacin da aka soke lasisin ƙananan kamfanonin kuɗi 347, mata nawa ne a zango suka yi kuka.

Sai rancen kansa. Tarihi da ƙaramin bashi ake fara shi, wanda ko kasuwa ta yi sanyi sati biyu za ka iya biya ba tare da ka taɓa jari ba. Misali irin Qwikloan da ke fitowa ta MoMo, ka karɓi kaɗan, ka sa a kayan da ka san suna tafiya kamar caja, ka biya kwana uku ko huɗu kafin ranar, ba ranar ba, don netwok na iya ba ka kunya. Kuma kada ka maimaita kowane wata don kawai an ƙara maka adadi, kuɗin da suke ɗorawa a wata ɗaya in ka lissafa a shekara yana da nauyi sosai. Na san za ka ce riba fa? Tambaya ce mai kyau kuma ba zan yi maka fatawa ba, ka zauna da malaminka. In zuciyarka ba ta kwanta ba to ka riƙe hanyar maigida: kayan da yake ba ka bashi a riƙa rubutawa a littafi da kwanan wata da sa hannu, biya kuma ta MoMo ko banki don shaida ta zauna, sannan ka yi wa kasuwarka rajistar suna a ofishin rajistar kamfanoni. Hanyar ta fi tsawo amma tana kaiwa.

Abin da ya fi damuna shi ne aron suna. Akwai yaron da ya taɓa aiki a shagona, abokinsa ya ce ara min wayarka in karɓi rance zan biya Juma'a, Juma'ar da ba ta zo ba kenan, abokin ya wuce Libiya, yaron nan ranar da ya je neman kuɗin sayen keken Pragya mai ƙafa uku aka juyo masa fuskar kwamfuta ya ga sunansa da bashin da ko kwabo bai ci ba, a gabana ya zauna ya riƙe kai. Lambar sirrinka (PIN), katinka, layinka, kar ka ba kowa, kuma kar ka tsaya wa mutum garanto sai in ka shirya biya da kanka. Haka manhajojin rancen nan marasa lasisi da ke kwashe lambobin wayarka su riƙa kiran dangi suna zubar maka da mutunci, ko kyauta suka ce ka guje su.

Yau 8,000 ba za ta samu ba, ka cire rai da ita zuwa wani lokaci. Ka fara zubin nan daga gobe, bayan wata shida ka nemi rahotonka a XDS Data ka duba ko sunanka da lambar katinka daidai suke, sai ka haɗa da sitatimen ɗin ka kawo min mu duba tare kafin ka koma wurinsu. Allah ya sa albarka a teburin.