Tambayi Goggo: Sun ce in ware musu guruf na 'yan arewa zalla

TAMBAYA

Salamu alaikum Goggo, ina shekara ta biyu a wata jami'a nan arewacin Kamaru kuma ni aka zaɓa delege, wato wakilin ɗalibai, na ajinmu. Ajin ya rabu, 'yan kudu gefe, mu gefe, 'yan Cadi gefe, masu Ingilishi da suka zo daga Bamenda suna can baya ba mai kula su. Kwanaki a guruf ɗinmu na WhatsApp wani ya kira mu wajo (sunan raini da ake kiran 'yan arewa da shi), har da cewa 'yan Boko Haram, namu suka rama da gadamayo (sunan da ake kiran 'yan kudu da shi), abin ya yi muni. Yanzu 'yan'uwa sun matsa min in buɗe guruf namu mu kaɗai in riƙa tura musu tsofaffin tambayoyin jarrabawa da malamai ke ba ni, wai kowa ya ji da nasa. Ni ma fa maganar ta ƙona min rai. Ya zan yi?

Ɗalibi daga Garwa

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Ranka dole ya ɓaci, mutanen da aka kashe musu iyaye a Kolofata da Fotokol aka kore su daga gonakinsu su ne kuma za a kira da sunan wanda ya kashe su? Wannan zalunci ne, kar wani ya ce maka wasa ne. Ka ɗauki hoton saƙon ka ajiye, ka samu yaron ku biyu tukunna, in ya ƙi janyewa ka kai wa shugaban sashenku a rubuce. Kuma ka sanar da ajin cewa tun Disamba 2019 akwai sashe na 241-1 a dokar laifuka ta ƙasar nan, kalaman ƙiyayya kan ƙabila ɗaurin shekara 1 zuwa 2 ne da tarar sefa 300,000 zuwa miliyan 3, kuma dokar ba ta ware masu ramuwa ba.

Amma zancen tambayoyin jarrabawa, a'a ɗana, kar ka yi. Amana ce aka ba ka ta aji duka, malamin da ya miƙa maka takardun bai ce na 'yan Garwa ba ne, kowane ɗan ƙasa a ajin nan sefa 50,000 ɗin nan na rajista ya biya kamar kai. Ranar da ka ɓoye su ka zama abin da kake kuka da shi, kuma badi in ɗan kudu ya zama delege me za ka ce masa?

Kafin 1993 jami'a ɗaya ce tal a Kamaru, ta Yawunde, yayyenku can suke tafiya su zama baƙi, su sha kallon banza wajen neman ɗaki saboda riga da hula. Sai aka samu ta Ngaundere a 1993, ta Marwa a 2008, ta Garwa a 2022, toh yanzu ku ne masu masaukin baƙi, yarinyar da ta baro Bamenda saboda rikicin da ya rufe makarantu tun 2016 a garinku ta sauka, ba ta jin Fillanci ba ta jin Hausa Faransancin ma da ƙyar, in kun zauna aikin rukuni kuka juya harshe zuwa Fillanci kun kore ta ke nan ko ba wanda ya zage ta.

Sannan laifi tudu ne. Wannan "mu 'yan arewa" da abokanka ke faɗa, har da ɗan Mafa daga Mokolo da ɗan Tupuri da ɗan Masa a ciki? Ko su ne waɗanda ake kira kirdi, wato arna, a bayan ido, a ƙi cin abinci kwano ɗaya da su? Wallahi wannan ya fi damuna fiye da zagin ɗan kudu, don a gidajenmu yara ke koyonsa, bakin manya suke ji.

Abin da ke hannunka a matsayin delege ba kaɗan ba ne. Rukunin aiki kar ka bari kowa ya zaɓi nasa, ka bi jerin sunaye ko a yi ƙuri'a a gaban kowa. Duk sanarwa ka tura da Faransanci da Ingilishi, ka roƙi ɗaya daga cikin 'yan Bamendan ya riƙa taya ka fassara, kaga ya shigo ciki ke nan. 'Yan Cadi ka tambaye su matsalar takardu da masauki, da yawansu ba su san ofishin da za su nufa ba kuma kunya ke hana su tambaya. In akwai mai keken guragu ko mai raunin gani a ajiye masa layin gaba a anfi, wato babban ɗakin lacca, a tura masa darasi da wuri. Taron bita kuma kar ka sa shi lokacin sallar Juma'a, kar ka sa shi safiyar Lahadi.

Abokanka za su yi maka fushi na ɗan lokaci, wasu har su ce ka sayar da su. Ka gaya musu guruf na zumunci ba laifi su buɗe abinsu, amma takardun aji a babban guruf za ka tura, kowa ya gani lokaci ɗaya.