Kuɗin kabon yana zuwa, amma sai bayan an gama aiki an auna shi

Wa alaikumus salam, Malam. Na karanta tambayarka: ƙungiyarku na son raba murhu mai tsimin itace da kuma dasa itatuwa, wani kamfani ya zo muku da cewa kuɗin kabon zai ɗauki nauyin komai, kai kuma kana son sanin ko abin dogaro ne kafin ku sa hannu. Na yi shekaru ina riƙe da rajistar gidaje da littafin kuɗi a wani aikin murhu irin wannan, daga baya muka haɗa da dashen itace. Abin da idona ya gani zan faɗa maka, da wanda na koya a bakin masu tantancewa. Ka yi haƙuri da tsawon bayanin.

Kasuwar akwai ta, kuɗin ma mun karɓa da hannunmu. Sai dai ku cire shi daga lissafin jarin farawa. Lada ne da ake biya bayan aiki ya kankama, an auna shi, wani bare ya zo ya duba ya sa hannu. Kiredit ɗaya yana nufin tan ɗaya na iskar kabon dayoksaid, ko kwatankwacinsa, da aka hana fita ko aka janye daga sararin sama. Mai saye, wanda galibi kamfani ne da ke son rage nauyin hayaƙinsa a lissafi, murhunku da itacenku ba za su taɓa shiga hannunsa ba. Shaida kawai yake biya wa kuɗi. Idan shaidar ta yi rauni, ba ku da abin sayarwa ko da aikinku ya yi kyau a ƙasa.

Kafin shaidar ta samu akwai doguwar hanya. Za a rubuta takardar tsarin aiki bisa ƙa'idar ɗaya daga cikin hukumomin da ke ba da kiredit, irin su Verra, Gold Standard ko Plan Vivo. Mai tantancewa mai zaman kansa zai duba takardar, a yi rajista, a shafe shekara ko fiye ana tattara bayanai, wani ya sake zuwa ya tabbatar, sannan a fitar da kiredit, sannan a shiga neman mai saye. Kowane mataki da kuɗinsa, kuma kuɗin kan riga kiredit zuwa. Mu tsakanin murhun farko da muka raba da kuɗin farko da ya shigo asusunmu an kusa shekara uku. Ba mu kaɗai ba ne. Aikin farfaɗo da daji na Humbo a Habasha, mai faɗin sama da hekta 2,700, an fara shi a 2006, ya samu rajista a 2009, kiredit ɗinsa na farko bai fito ba sai 2012, alhali da Bankin Duniya a bayansa. A waɗancan shekarun jira ne aka fi gwada mu. Tun a taron farko an gaya wa jama'a kuɗi na tafe, ba a gaya musu yaushe ba. Da shiru ya yi yawa aka fara raɗe-raɗin an karɓa an danne, kuma ni mai riƙe da littafi ni ake tsarewa da tambaya. Ku faɗa wa mutanenku gaskiyar lokacin tun ranar farko, ko da za ta sanyaya musu gwiwa.

Ranar da mai tantancewa ya fara zuwa ba na manta ta. Bai bari mun zaɓa masa gida ko ɗaya ba. Rajista ya karɓa, ya tsamo lambobi da kansa, muka bi shi. Da ya shiga madafa sai ya tsuguna, ya duba lambar da ke jikin murhu ya gwada da ta takarda, ya sa hannu ciki ya taɓa toka, ya dubi baƙin hayaƙi a bakin murhun. Sannan ya zagaya baya. A gidaje da yawa a nan ya tarar da tsohon murhun duwatsu uku, da sabuwar toka a tsakiyarsu. Sabon murhu na aiki, tsohon ma bai yi ritaya ba, domin babbar tukunya ba ta zama a kan namu. A wani gidan kuwa ya samu namu ya tsage, an jingine shi a lungu tun watanni. Bayan haka aka rataya ma'auni, aka yi kwana uku ana auna itacen da kowane gida da aka zaɓa ke ƙonawa. Da sakamako ya fito, an zabtare mana wani kaso mai yawa daga tan ɗin da muka sa rai.

Laifin namu ne. Mun riƙa ƙirga murhun da muka raba, muka bar ƙirga wanda ake girki a kansa. Tun daga nan muka ɗauki mata daga cikin unguwannin suna zagayawa kowane wata, muka ware kuɗin gyara, muka sa aka ƙera murhu mai ɗaukar babbar tukunya. Wannan gyaran ya fi duk wata takarda da muka rubuta amfani, ga lissafi da kuma ga masu girkin.

Abin da ya same mu ƙaramin hoto ne na abin da ya girgiza kasuwar baki ɗaya. A Janairun 2023 jaridun Guardian da Die Zeit tare da ƙungiyar 'yan jarida masu bincike ta SourceMaterial suka wallafa bincike da ya ce sama da kashi 90 cikin 100 na kiredit ɗin kare dazuzzuka da suka duba a ƙarƙashin Verra wataƙila ba su wakiltar wani rage hayaƙi na haƙiƙa. Verra ta musanta, amma masu saye sun ja baya. A Janairun 2024 kuma masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fitar da nazari a mujallar Nature Sustainability, suka ce kiredit ɗin ayyukan murhu da suka auna an kumbura shi kusan ninki tara. Shi ya sa yanzu mai saye na kirki ke neman bayanan da aka auna a madafa, har da na'urar da ke nuna lokacin da murhu ya yi zafi. Farashi ma ba shi da tabbas. Kiredit ɗin CDM, tsarin cinikin kabon na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya samo asali daga yarjejeniyar Kyoto ta 1997 kan sauyin yanayi, ya taɓa haura yuro 20 a 2008, zuwa ƙarshen 2012 ya faɗo ƙasa da yuro ɗaya. Ayyukan da suka jingina kacokan a kansa da yawa sun tsaya cak.

Ni dai a wajena maganar ta wuce ciniki. Duk kiredit ɗin da kuka sayar, wani zai riƙe shi a matsayin hujjar cewa tan ɗaya na hayaƙinsa ya goge. Idan lambar ƙarya ce, hayaƙinsa ya hau sama, a wajenku kuma ba a rage komai ba, zafin da ake kuka da shi ya ƙaru da sunanku. Duk wanda ya ce muku zai iya gyara lissafi ya ninka tan, ku rabu da shi.

Akwai wani sharaɗi da ke kayar da ƙungiyoyi tun a bakin ƙofa: sai kun nuna cewa ba don kuɗin kabon ba, da aikin bai yiwu ba. Wanda ya dasa itatuwansa shekaru da suka wuce sannan ya zo neman kiredit, da wuya a saurare shi. Don haka ko yau kuka zauna taro, ku rubuta a littafin taron cewa kuna shirya aikin ne da nufin neman kuɗin kabon, da kwanan wata da sa hannun mahalarta. Ku kuma auna yadda abubuwa suke kafin ku taɓa komai: itacen da gida ke ƙonawa, hotunan filin, iyakokinsa. Da wannan za a gwada duk abin da kuka yi nan gaba.

Batun itatuwa ya fi na murhu nauyi. Ana ɗaura awo a jikin itace a daidai ƙirji, wato mita 1.3 daga ƙasa, a ƙiyasta nauyinsa idan ya bushe, kusan rabin wannan nauyin kabon ne, sai a ninka da 3.67 a samu kabon dayoksaid. Ka ga ɗan dashen da bai kai kaurin yatsa ba kusan babu abin lissafawa a jikinsa, sai ya yi shekaru. Alƙawarin kuwa na shekara 20, 30 ko fiye ne, wanda ke nufin 'ya'yanku za su gaje shi. Ana kuma riƙe wani kaso a asusun ko-ta-kwana saboda gobara da fari da sara, a Gold Standard kashi 20 cikin 100 ne. Idan kun hana sara a filinku masu saran suka koma dajin maƙwabta, za a cire muku wannan ma. Sannan tambayar da ta fi kowace: filin na waye, a rubuce? Idan ba a warware ta ba, kada a haƙa rami ko ɗaya da sunan kabon.

Ƙaramin aiki shi kaɗai da ƙyar kwalliya ke biyan kuɗin sabulu, domin ladan mai tantancewa ba ya raguwa sosai don gidajenku kaɗan ne. Mafita ita ce shiga ƙarƙashin babban shiri da ya riga ya samu rajista, ko neman hukumar da aka gina don ƙananan manoma. Plan Vivo ta shar'anta cewa aƙalla kashi 60 cikin 100 na kuɗin da aka sayar ya koma ga al'umma. A ƙarƙashinta aikin Mikoko Pamoja yake, a gaɓar Gazi ta Kenya, inda tun 2013 mutanen wurin ke kare hekta 117 na itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, suna zuba kuɗin a ruwan sha da littattafan makaranta.

Yanzu ga kamfanin da ya zo muku. Ban ce mugu ba ne, aiki irin wannan da wuya ya tashi ba tare da mai zuba kuɗin farko ba, kuma shi ma yana da haƙƙin cin riba tunda ya ɗauki kasada. Amma komai yana cikin kwantiragi. Idan suka ce kasonku kaza cikin ɗari, ku tambaya: cikin ɗarin me? Na kuɗin da mai saye ya biya, ko na abin da ya rage bayan sun cire ɗawainiyarsu? Mu na biyun muka sa wa hannu, ba tare da an ƙayyade ɗawainiyar ba. Da kuɗi ya zo muka tarar an cire tafiye-tafiye, albashin ofishinsu, ladan dillali, har da ribar kuɗin da suka zuba tun farko. Kason da ya yi girma a takarda ya zo hannunmu a tsumure, kuma ba mu da bakin magana domin da alƙalaminmu muka yarda. Ku nace a ɗaura kasonku a kan kuɗin saye, ko a jera abubuwan da za a cire ɗaya bayan ɗaya tare da iyakarsu. Ku nemi a rubuta cewa kuna da ikon ganin farashin da aka sayar da kowane rukuni. Wasu kan sayar wa wani reshensu da arha, shi kuma ya sake sayarwa da tsada, ku a biya ku a kan na farko.

Ku duba kuma da sunan wa kiredit zai fito, shekara nawa aka ɗaure ku, da abin da zai faru idan kamfanin ya rushe ko ya kasa yin rajista cikin lokacin da ya ɗiba. Ya kamata a samu ranar da idan ta wuce babu rajista, haƙƙinku ya dawo hannunku. Kada fili ya shiga kwantiragin a matsayin jingina ta kowace siga. 'Yar takardar da kowane gida ke dangwala wa hannu yayin karɓar murhu, wadda ke miƙa haƙƙin kabon, a karanta wa mutane ita da harshen da suke ji. Rajistar Verra da ta Gold Standard a buɗe suke a intanet kyauta. Ku nemi lambar wani aiki da kamfanin ya taɓa yi, ku ga ko ya taɓa fitar da kiredit, sannan ku nemi jin ta bakin al'ummar da ya yi aikin da su. In ba haka ba cinikin biri a sama za ku yi.

Gwamnati ma tana da hannu a ciki yanzu. Sashe na 6 na yarjejeniyar Faris ta 2015 kan sauyin yanayi, wanda aka kammala ƙa'idojinsa a taron Baku na 2024, ya tanadi cewa kiredit ɗin da wata ƙasa za ta lissafa a matsayin nata sai da izinin ƙasar da aka yi aikin. Ƙasashe kuma na ta kafa dokokinsu. Kenya, alal misali, a ƙa'idojinta na 2024 ta sa wa ayyukan da ke filin al'umma ko na gwamnati mafi ƙarancin kason jama'a: kashi 40 ga na ƙasa kamar daji, kashi 25 ga sauran. Ku binciki abin da dokar ƙasarku ta ce, ku tambayi kamfanin ko yana da takardar amincewar hukuma.

Yadda za ku raba kuɗin a tsakaninku ku yanke shi tun babu ko sisi a asusu, lokacin da zukata ke kwance. Mu mun bari sai da ya shigo, muka sha jayayya tsakanin masu son a raba gida-gida da masu son aikin gayya. A ƙarshe muka fara cire kuɗin gyaran murhu da ladan masu zagayen duba gidaje, sauran aka kai gaban taro, lissafin kuma ana manna shi inda kowa zai karanta.

Da za a sake tambayata, zan sake shiga, amma da murhun da mata za su so ko babu kabon, domin yana rage musu hayaƙi a ido da ƙirji da wahalar neman itace, da itatuwan da mai fili ke da dalilin kansa na barinsu su girma. Kuɗin farawa ku nemo shi daga tallafi, ko gudummawar mambobi, ko kamfanin ya zuba bisa sharaɗin cewa idan kiredit bai fito ba asarar tasa ce, ba bashi a wuyanku ba. Idan sun ba ku daftarin kwantiragin, kada ku sa hannu a zaman da aka miƙo shi. Ku kai wa lauyan da ba su suka kawo shi ba, kai kuma ka turo mana sakin layin rabon kuɗi da na mallakar kiredit, ka rufe sunaye, mu duba tare.