Amsa ga Hajiya kan 'ya'yan magen da ke mutuwa da amai da zawo

Wa alaikumus salam Hajiya. Na ga tambayarki: 'ya'yan magenki huɗu sun kama amai da zawo, biyu sun mutu cikin kwana uku, kina zargin maganin ɓera suka ci a maƙwabta, kuma kina shirin karɓo wata ƙarama. Sannu, Allah Ya mayar da alheri. Amma don Allah ki dakata da karɓo sabuwar nan tukuna.

Irin wannan ta taɓa samuna. Ni ma guba na zarga, har na ƙullaci maƙwabciyata ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, sai da likitan dabbobi ya gwada kashin 'ya'yan magena ya ce cutar fanlukofeniya ce. Bairos ne, wato wata irin ƙwayar cuta, ɗan uwan bairos ɗin fabo da ya ɓulla a karnuka a 1978, shi ya sa abin gwajin karnuka ma yakan nuna shi. Likita ne zai tabbatar miki, amma ki lura: idan kika ga 'yar mage ta duƙa a bakin kwanon ruwa ta kafa kai ta kasa sha, jiki ya yi zafi sannan ya koma sanyi ƙalau, ga su suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, to alamunta ke nan.

Wannan bairos ba ya hayayyafa sai a inda ƙwayoyin jiki ke rabuwa da sauri, wato bangon hanji da ɓargo. A hanji yana sale fatar ciki, ruwa ya yi ta zuba, ƙwayoyin cutar da ke zaune cikin hanji su samu ƙofar shiga jini. A ɓargo kuma yana tsayar da ƙera fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne masu tsaron jiki. Ga ɓarayi sun shigo, ga masu gadi an kashe. Shi ya sa 'yar da ke wasa da safe za ki tarar da ita kwance magashiyan da dare.

Babu maganin da ke kashe shi kai tsaye. Abin da ya ceci ɗaya daga cikin nawa shi ne ƙarin ruwa, allurar tsayar da amai, maganin kashe ƙwayoyin da suka shiga jini, da ɗumama ta. Ki kai biyun da suka rage yau ɗin nan. Kuma ina roƙonki kada ki ba su Panadol ko ɗan ɓalli, hantar mage ba ta iya sarrafa shi, kashe ta yake yi.

Dalilin da na ce ki dakata: bairos ɗin yana iya shekara guda a gida da ransa, a tabarma, a kwano, a tafin takalmi. Sabulu kaɗai ba ya kashe shi. Ki fara wanke ƙazantar, sannan ki haɗa Hypo ko Jik kofi 1 da ruwa kofi 32, ki jiƙa wurin ki bar shi minti 10. Tsumma da kwali a ƙona. Tsakar gida ta ƙasa kam ba ta wankuwa, nan ne matsalar yawancin gidajenmu, don haka duk magen da za ta shigo sai wadda ta kammala rigakafi. Ana fara allurar daga sati 6 zuwa 8 da haihuwa, a riƙa maimaitawa bayan kowane sati 3 ko 4 har ta kai sati 16. Wadda ta warke ma a ware ta kamar sati 6, don tana iya ci gaba da fitar da shi a kashi.

Yaranki kada ki damu, ba ya kama mutum. Amma idan akwai mage mai ciki a gidan ki nisanta ta da wurin, domin yana taɓa ɓangaren ƙwaƙwalwar ɗan tayi da ke daidaita tafiya, a haife shi yana tangaɗi har iya rayuwarsa. Ita uwar tasu an taɓa yi mata rigakafi kuwa? Ki faɗa wa likitan idan kin je.