Hatimi daban, azurfa daban

Ɗana, ka ce mata na kawo maka 'ya'yan sarƙar hannu, irin waɗanda ake zurawa ɗaya bayan ɗaya, masu sunan kamfanonin kayan ado Pandora ko Tiffany. Sun saya ta Instagram ko wajen wata mai talla a WhatsApp, suna so ka duba musu ko na ainihi ne. Ka ce kai dai in ka ga 925 a jiki kakan ce azurfa ce, amma zuciyarka ba ta kwanta da hakan ba. Gara da ba ta kwanta ba.

Tambayar da suke yi maka biyu ce a dunƙule, kai ne za ka raba ta. Ƙarfen nan mene ne? Wa ya ƙera shi? Ta farko sana'armu ce ta maƙeran azurfa, in ka gwada yadda ya kamata kana iya dafa Alƙur'ani a kanta. Ta biyu kuwa iyakarmu alamu. Kana iya cewa "wanga ba na kamfanin ba ne" kai tsaye in ka ga shaida. Amma "wanga nasu ne" magana ce mai nauyi, kada ta yi saurin fita bakinka, don masu yin jabu yanzu ba yara ba ne.

Bari in fara da hatimin da ka dogara da shi. Lambar 925 tana nufin cikin kashi 1000 na ƙarfen, 925 azurfa ce, sauran 75 galibi jan ƙarfe ne da ake haɗawa don ta yi ƙwari, saboda tsantsar azurfa ta cika laushi. A gwal kuma 585 shi ne karat 14, 750 karat 18, 875 karat 21, 916 karat 22. Wanga duk ka sani. Abin da nake so ka riƙe shi ne, ƙarfen buga hatimin nan ana sayar da shi a intanet da kuɗi kaɗan, kowa na iya saye. Ni da kai, da guduma guda, muna iya buga 925 a jikin murfin kwalba. Saboda haka hatimi na kore kaya, ba ya tabbatar da su. In babu shi inda ya kamata a same shi, ko an buga shi ba daidai ba, magana ta ƙare. In yana nan daram, to yanzu aiki ya fara.

Pandora kamfanin ƙasar Danmak ne, an kafa shi a 1982, sarƙar hannun nan mai 'ya'ya kuma ta fito a 2000. Mafi yawan kayansu a Tailan ake ƙera su, a masana'antunsu na kansu. Suna buga haruffa uku, ALE, waɗanda sunka fito daga sunan mahaifin wanda ya kafa kamfanin, Algot Enevoldsen. Kusa da su za ka ga S925 in azurfa ce, G585 in gwal ne. Tsofaffin kaya na kafin 2011 suna ɗauke da 925 kawai, babu S ɗin, don haka kada ka yanke wa tsohuwar ƙwaya hukunci a kan haka. A kan makullin sarƙar akwai sunan kamfanin, da ɗan kambi bisa harafin O. Ka sa madubin dubawa ka kalli haruffan da kyau. Na ainihi tsaf suke, zurfinsu ɗaya, tazararsu ɗaya. Na jabu sau da yawa sun kumbura, ko sun karkace, ko gefensu ya narke, don an zuba su ne daga kwafin wata ƙwayar, ba a buga su ba.

Wanga batu na kwafi ka fahimce shi da kyau, shi ne idonka. Mai jabu yakan sayi ta ainihi guda, ya ɗauki siffarta da roba, ya zuba kakin zuma, ya yi ta zubi daga nan. Kai ma ka san abin da ke faruwa in an yi zubi bisa zubi: kaya na ɗan tsukewa, zane na dushewa. Furen da ke da jijiyoyi a ganyensa sai ya fito sumul, idon ɗan tsuntsu ya zama ɗigo. Ka nemi layin da ɓangarori biyu na mazubi sunka haɗu, ka nemi 'yan ramuka kamar na allura, ka shafa bakin ramin da yatsa ka ji ko yana karta. Sannan baƙin da ke cikin lungunan zane. A azurfa ta gaske da gangan ake ƙona lungunan da sinadari su yi duhu don zane ya fito, duhun kuma yana shiga haske a hankali. Na jabu fenti ake shafawa, baƙi ƙirin, wani lokaci tsinke ma na ɓamɓare shi. Wasu kuma ko'ina fari fat, ƙyalli mai kashe ido, irin na kayan da anka tsoma a ruwan ƙarfe.

Cikin ramin ma na magana. Da yawa daga 'ya'yan Pandora suna da zare a ciki irin na noti, ana murza su ne su wuce gaɓoɓin sarƙar. Ba duka ba, masu ɓuli-ɓuli sukan zame kawai. Amma in mai zare ce, murzawar ta tafi sumul. In tana cijewa, ko tana girgiɗi, ko ka hango ja ko rawaya a ƙasan zaren inda ruwan azurfa bai kai ba, ka gama gani. Duwatsu kuma ka duba me ya riƙe su. Aiki mai kyau haƙoran ƙarfe ne ke kama dutse. In ka ga busasshen gam ya taru a gefe, ko wani dutse ya nutse wani ya ɗago, aikin gaggawa ne. A sarƙar Tiffany mai faifan zuciya, abin da nake fara dubawa shi ne zobban: kowane a like yake da walda an goge har ba ka ganin mahaɗi. In an matse bakin ne kawai da awartaki, ba nasu ba ne.

Wata alama da yara ba su cika sani ba: in mai sayarwa ta ce daga shagon Ingila kayan sunka zo, dokar can ta ce azurfar da ta wuce giram 7.78 sai an kai ta ofishin gwaji an buga mata hatiminsu kafin a sayar, gwal kuma in ya wuce giram 1. Na Landan kan damisa ne, na Bamingam ƙugiyar jirgin ruwa. 'Ya'yan sarƙa galibi ba su kai wanga nauyi ba, amma sarƙar kanta takan wuce.

Yanzu ƙarfen. Fara da abin da ba ya ɓata kayan mutane. Maganaɗisu da farko, mai ƙarfi, ba na jikin firiji ba. Azurfa da gwal ba su bin sa. In ƙwaya ta yi tsalle ta manne, an gama. Sai dai ka tuna cikin makulli akan sa ɗan sifirin na baƙin ƙarfe, shi yana ja kaɗan ko a kayan gaske. Kuma tagulla da tutiya su ma ba su bin maganaɗisu, su ne kuwa mafi yawan abin da ke ƙarƙashin jabu. Don haka kada wanga gwaji ya ruɗe ka.

Wanda na fi so ka ƙware a kai shi ne awon ruwa, don ba ya cin komai kuma ƙarya ba ta cika tsallake shi ba. Kana buƙatar sikeli mai karanta 0.01 na giram. Ka auna ƙwayar ka rubuta. Ka ɗora ƙaramin kofi da ruwa bisa sikelin, ka mayar da shi sifili. Ka ɗaure ƙwayar da siririn zare, ka nutsar da ita tana reto, kada ta taɓa gindi ko gefe, ka karkaɗa ta kumfar da ke cikin rami ta fita. Lambar da ta fito, ka raba ta farko da ita. Misali, ƙwaya ta yi giram 4.12 a waje, cikin ruwa sikeli ya nuna 0.40, ka raba ka sami 10.3. Nan ne gidan azurfa 925. Da tagulla ce za ka samu wajen 8.5, jan ƙarfe kusan 9, ƙarfe mara tsatsa kusan 8, haɗin tutiya bai kai 7 ba. Gwal karat 18 yana tsakanin 15 da 16, tsantsarsa 19.3. Ka ga ratar da faɗi, ruwan azurfar da anka shafa a sama ba ya canza lissafin. Amma awon na aiki ne a ƙwayar da ƙarfe ce zalla. In da gilashi a jiki, ko duwatsu da yawa, ko cikinta kogo ne a rufe, lambar za ta sauka ko da azurfar ta gaske ce, sai ka zalunci kayan kirki. Irin waɗannan ka bar su ga gwajin magagari da asid.

Kafin ka taɓa kayan mutum da magagari, ka nemi izini, ka faɗa mata zai bar tabo. Ka zaɓi wuri ɓoyayye, bakin rami daga ciki. Dalilin gogawar shi ne jabu mai kyau an yi mata ruwan azurfa ta gaske, in ka ɗiga asid a sama azurfa zai nuna maka, kuma bai yi ƙarya ba. Sai ka ratsa wanga ruwa ka kai ga abin da ke ƙasa. Sau da yawa ma ba ka buƙatar asid, da magagari ya ci sau biyu za ka ga rawaya ta leƙo. In ka ɗiga farin asid, tagulla da jan ƙarfe na tafasa su yi kore, azurfa 925 takan yi launin madara. Jan ruwan gwajin azurfa kuma ja yake tsayawa a kanta. Ka kiyaye idonka, ka ajiye ruwa kusa, in ya taɓa fata yana barin rawayan tabo har sai fatar ta saɓe. Na'urar nan ta manyan dillalan gwal mai karanta ƙarfe da haske tana da amfani, amma ita ma fatar sama take karantawa, shafe mai kauri na iya yaudarar ta.

Wata za ta zo ta ce an cuce ta don sarƙarta ta yi baƙi. Ka kwantar mata da hankali, azurfa ta gaske ce ke yin haka in ta haɗu da farar wuta, ko a iska, ko a wani sabulu, ko ƙwai. Tsumma da ɗan goge na mayar da ita. Jabu kuwa saɓewa take. Da zafin Sakkwato na watan Afrilu, ga zufa, ga humra da turare, ruwan saman ba ya daɗewa, sai gefuna su yi ja, wuyan hannu ya yi kore. In kuma yana ƙaiƙayi da ƙuraje, galibi nikel ne a ciki.

To ga inda wahalar take. Za ka gwada ƙwaya ta ci kowane gwaji, azurfa ce 925 ba shakka, amma ba kamfanin ya yi ta ba. Azurfar da ke cikin ƙwaya guda giram uku ce ko huɗu, kuɗinta bai taka kara ya karya ba in an gwada da abin da kamfani ke karɓa. Don haka mai jabu mai wayo ba ya rowar ƙarfe, sunan yake sata. A gwal abin ya fi yawa. Furen nan mai ganye huɗu na Van Cleef, wanda sunka fitar a 1968, da munduwar Cartier mai sukurori ta 1969, ana ƙera siffarsu da gwal na gaske a kasuwannin gwal da yawa, hajiyoyinmu na dawowa da su daga tafiya. Gwal ɗin waɗannan kamfanoni biyu karat 18 ne, 750. In ka ga furen da hatimin 875 ko 916, wataƙila gwal ne mai kyau, har ya fi nasu karat, amma ba nasu ba ne. Wadda ta saya da kuɗin giram ba ta yi asara ba. Wadda ta biya kuɗin suna ita anka cuta.

A nan sai ka koma ga abin da ke wajen ƙarfe. Ka buɗe shafin kamfanin a wayarka ka nemi irin zanen, ka gwada girma da yawan duwatsu. Ka tambaye ta nawa ta saya. Ƙwayar da kamfani ke sayarwa gommai na dala ba za ta tsallako teku, a biya jirgi, mai talla ta ci riba, sannan ta iso Sakkwato da kuɗin katin waya ba. Araha ba ta ado. Labarin "rarar masana'anta ce" kuwa ka ji shi kawai. Kwali, jaka, rasit, duk ana sayar da su daban, kamar yadda ake juye shinkafar gida cikin buhun 'yar waje. Girman matsalar ba na yau ba ne: a 2004 Tiffany sun sayi kayan azurfa masu sunansu a kasuwar intanet ta eBay don gwaji, sunka ce kusan kashi uku cikin huɗu jabu ne, har sunka kai ƙara kotu a Amurka. In wata ta nemi shawararka kafin ta saya, ka ce ta sa a turo mata hoton hatimin ita ƙwayar da za a aiko, da bidiyonta bisa sikeli, ba hoton da anka ɗauko daga shafin kamfani ba.

Sai faɗar sakamako. Sau da yawa ba ita ta saya ba, miji ne, ko cikin lefe abin ya zo, kuma shi ma cutarsa anka yi. Kada ka faɗa gaban ƙawayenta, kada ka yi dariya. Ka ce, "Hajiya, ƙarfen azurfa ce, giram kaza, amma aikin bai yi min kama da na kamfanin ba saboda kaza da kaza." In tagulla ce ka nuna mata wurin da ka goga ta gani da idonta. In tana so ta sayar maka, kuɗin giram za ka biya, ko sunan wa ke jiki, kuma ka faɗa mata haka tun kafin ka ɗora a sikeli.

Waɗanda sunka faɗi gwaji kuma aka bar maka su, ka ware musu gwangwani daban. Kada ko guda ta shiga tukunyar narka azurfa. Irin waɗannan kaya masu araha akan sami dalma ko kadmiyam a cikinsu. Dalma kaɗan ta isa ta sa azurfar duka ta riƙa tsagewa a ƙarƙashin guduma, hayaƙin kadmiyam kuma guba ne ga huhu, ga shagon namu taga ɗaya.