Re: Tsofaffin finafinai za su taimaka min wajen rubuta labarin fim?

Malam Bala, ka ce ko ɓata lokaci ne bin tarihin fim na farko, wallahi ba ɓata lokaci ba ne. Fara da 'yan'uwan nan Lumière na Faransa, a 1895 suka haska nasu a Paris, kowanne bai kai minti ɗaya ba. Akwai wanda yaro ya taka tiyon mai ban ruwa, mutumin ya leƙa bakin tiyon, yaro ya ɗage ƙafa ruwa ya fesa masa a fuska, ka ga labari ya cika ba a ce uffan ba. Sai wajen 1927 magana ta shigo fim sosai. Finafinan nan na Lumière suna nan a YouTube, ka kalla da biro a hannu, ni su suka rage min yawan surutu a rubutuna.